Shekara Bakwai Bayan Malam Modu: Rijiyar da Ba Mahaifina Ya Haƙa Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Modu, kuma ni Haruna Tela, da na yi sama da shekara arba'in ina kiransa aminina, ina da laifin da zan amsa a gaban jama'a. Na sa shi ya rubuta ƙarya da hannunsa bai sani ba. Ya tsaya a kanta da zuciya ɗaya, ya sha zagi saboda ita, har ya koma ga Mahaliccinsa ban buɗe baki na ce masa ni ne ba. Da ana farke rana a sake ɗinka ta kamar yadda nake yi wa riga idan ta karkace, da akwai wata Laraba da zan fara da ita. To, ba a yi.

Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka masu karatu su yi mini haƙuri idan alƙalamin ya yi tuntuɓe. Shekaruna sun kai inda mutum ba ya neman a yaba masa, sauke kaya kawai yake so.

Malam Modu malamin makaranta ne, iyayensa daga Borno suka zo suka zauna a nan Potiskum. Bayan ya yi ritaya, shi da waɗansu abokan aikinsa suka buɗe wani shafi a intanet don tarihin unguwannin garin nan, irin shafin da ake ce wa wiki, wanda duk mai rajista zai iya shiga ya ƙara ko ya gyara. Sauran suka yi ɗoki na 'yan watanni suka watse. Shi kaɗai ya rage. Kullum da hantsi zai zo shagona a unguwar Yerimaram da tsohuwar kwamfutarsa a cikin jakar leda, ya roƙi wuta a soket ɗin da nake sa dutsen guga, ya zauna a kan benci yana buga rubutu da yatsa biyu. Ina taka keken ɗinki, yana taka nasa. Nakan ce masa Barebari ba su iya zama ba aiki ba, shi kuma ya ce ai gara shi, ni da na shekara talatin ina yi wa mutane alkawarin gobe.

A wurinsa na fara ganin yadda ake keɓe maganar wani a cikin rubutu. Idan zai kawo abin da wani dattijo ya faɗa, ba ya cusa shi cikin nasa bayanin. Akwai wani tsari da suke kira samfuri. Zai buga alamar baka biyu masu lanƙwasa ya buɗe, ya rubuta sunan samfurin, ya ja tsayayyen layi, ya zuba maganar. Ya sake jan layi ya sa sunan mai maganar, ya ja na uku ya rubuta inda aka ji ta da wanda ya ji, sannan ya rufe da baka biyu. Idan ya adana shafin, sai duk waɗannan alamomi su ɓace, maganar ta matsa ciki ta tsaya ita kaɗai da fili a sama da ƙasa, sunan mai ita a gindinta. Ni dai akwati nake ce masa. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da kansa haka, tunda ma'anar ɗaya ce. Ya ce mini maganar wani baƙuwa ce a gidanka, ana shimfiɗa mata tabarmarta daban, ba a haɗa ta kwano ɗaya da 'ya'yan gida.

Kuma abin da ya shiga akwatin nan ba ya taɓa shi. Idan tsoho ya yi Hausar da ta karye, haka zai bar ta. Idan ya tsallake wani yanki, sai ya sa ɗigo uku don mai karatu ya san an yi tsallake. Na ga ranar da ya hau keken haya ya koma har gidan wani mahauci don ya tambaye shi kalma ɗaya tak da bai tabbatar ba. A lokacin dariya na yi masa.

Abin da ya haɗa ni da aikin shi ne harshe. Mahaifina Bahaushe ne mai sayar da hatsi, mahaifiyata kuwa Bangizima ce, a bakinta na sha Ngizimanci. Malam Modu yana jin Barbarci da Hausa da Turanci, amma Ngizimanci gaisuwa kawai ya iya. Don haka duk lokacin da zai je wurin tsofaffin da Hausarsu ba ta nuna ba, ni ne tafintansa.

A unguwar Dogo Nini, inda na tashi, akwai wata tsohuwar rijiya da kowa ke kira Rijiyar Sale. Sale mahaifina ne. Tun ina yaro nake jin mata suna ɗiban ruwa suna sa masa albarka, ana nuna ni ana cewa ga ɗan mai rijiya. Ba mu gaji gida mai bene ba, ba mu gaji shanu ba. Wannan sunan shi ne gadonmu, kuma na riƙe shi fiye da yadda ya kamata.

Ran Larabar nan, bayan la'asar, muka je wurin Iya Dudu, wadda aka ce ta fi kowa tsufa a cikin waɗanda suka ga haƙar rijiyar. Mun same ta a zaune a gindin darbejiya tana tsince wake. Idonta ya yi rauni, kunnenta ya yi nauyi, Hausarta kuma ta ciniki ce kawai. Malam Modu ya fito da waya zai ɗauki muryarta, ta ƙi. Ta ce ba ta so muryarta ta riƙa yawo a aljihun maza bayan ta mutu. Ya mayar da wayar, ya ɗauko littafi da biro. Ke nan babu mai shaida tsakanin bakinta da biron nan sai ni.

Ta tambaya ko ni ɗan waye, na faɗa mata. Ta ce to madalla, gara da ɗan gida ne zai ji. Ta ce mijinta Garba da ƙannensa biyu ne suka haƙa rijiyar, rani guda cur, ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su, saboda matan unguwa suna tafiya mai nisa neman ruwa. Ta ce ana dab da cim ma ruwa gefen ramin ya zube wa Garba a ƙafa, daga nan bai sake tafiya daidai ba har ya mutu. Ta ce Sale mutumin kirki ne, shi ya kawo sumuntin da aka ɗaure bakin rijiyar, ya yanka rago ranar da aka fara ɗiba. Mutane suka ci nama, suka tuna mai rago, suka manta mai gurguwar ƙafa. Ba ta faɗe shi da ɗaci ba. Tana magana tana tsince wakenta.

Da ta gama, ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina, ta ce: “Ɗan Sale, ka faɗa masa yadda na faɗa.”

Malam Modu yana riƙe da biro yana kallona. Na yi ƙasa da murya, na ce masa da Hausa, ta ce Alhaji Sale ne ya haƙa musu rijiya saboda Allah, mijinta yana cikin waɗanda suka taimaka da aikin ƙarfi, Allah ya saka wa Sale da alheri. Malam Modu ya ɗaga kai ya ce ai ta yi magana mai tsawo, wannan kaɗai ne? Na ce sauran labarin wake ne da ciwon ƙafa irin na tsofaffi. Ya yi murmushi ya rubuta. Da za mu tafi ya sa na yi mata godiya, na yi.

Washegari a shagona ya buɗe baka biyu, ya zuba maganata, ya ja layi ya rubuta sunan Iya Dudu. A gurbi na uku ya sa cewa an ji daga bakinta a gidanta. Ya juyo da kwamfutar ya nuna mini yadda ta fito, ya ce in duba, mahaifina ya samu shaida daga bakin da ba na gidansu ba. Na ce ta yi kyau. Ina riƙe da almakashi a lokacin, na yanka yadin wani mutum ba daidai ba.

Na gaya wa kaina abin ƙarami ne. Wa ke karanta shafin Malam Modu in ban da Malam Modu? Tsohuwa ba ta karatu, kwana nawa ma ya rage mata. Haka kuwa aka yi, damina ba ta zagayo ba ta rasu. Na je jana'iza, na yi addu'a tare da kowa, kuma Allah ya gani, a can ƙasan zuciyata har da wani sauƙi na ji. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan kamar shekara guda, Hauwa 'yar Iya Dudu, wadda ke aure a garin Gadaka, ta zo gari. Wani daga cikin danginsu ya karanta mata abin da aka ce uwarta ta faɗa. Ba ta zo wurina ba, domin sunana bai fito a shafin ba. Gidan Malam Modu ta nufa, ta tsaya a ƙofa, maƙwabta suna ji. Ta ce tun tana goye take jin labarin ƙafar ubanta daga bakin uwarta, yanzu an jira tsohuwa ta mutu an sa ta ta ƙaryata mijinta da bakinta. Ta ce masu boko sun iya sata, har maganar matattu ba su bari ba. Maganar ta zaga Dogo Nini. Dattawa biyu da suka yi masa alkawarin hira suka aiko cewa sun fasa. Mutumin da yake komawa gidan mahauci saboda kalma ɗaya, shi aka koma kira mai ƙirƙira.

Ya zo shagona da azahar, ba kwamfuta a hannunsa. Bai zauna ba. Ya ce: “Haruna, ni ban ji yarenta ba, kai ka ji. Haka ta faɗa?”

Na ce: “Abin da na ji ke nan, Malam.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce shi ke nan, tunda na faɗa. Ya ce ba zai cire maganar ba, domin idan ya fara cire abin da shaida ya tabbatar masa saboda an yi masa ihu, to aikin duka ya zama banza. Abin da ya yi shi ne ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin akwatin, cewa iyalan marigayiyar ba su yarda haka ta faɗa ba. Ya ci gaba da zuwa shagona kamar da. Ya ci gaba da tsokanata. Sai dai bai ƙara neman in yi masa tafinta ba ko sau ɗaya, ni kuma ban tambaye shi dalili ba. Shekara biyu muka yi a haka, muna zaune benci ɗaya da wannan abu a tsakaninmu kamar ƙaya a cikin tabarma, kowa ya san inda take, kowa yana kauce mata.

Ciwonsa bai daɗe ba. Na je duba shi sau uku, kowane zuwa da niyyar in faɗa. Zuwan farko akwai mutane. Na biyu yana barci. Na uku mu biyu ne kaɗai, idonsa biyu, har ya tambaye ni ko akwai labari. Na ce masa farashin zare ya tashi. Da na sani ƙeya ce, a baya take, kuma tawa ta yi nauyin da wuyana ya gaji da ɗauka.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Yau kowa da waya a hannu, kowace safiya sai an turo maka magana an ce wani babban malami ne ya faɗa, ko wani dattijo, ko wani likita, ba suna, ba gari, ba wanda ya ji. Mutum ya karanta, ya tura wa mutum hamsin kafin ya wanke baki. An ce yanzu har akwai manhajar da za ka tambaya ta ba ka amsa kamar mutum, ta tattaro daga duk abin da aka taɓa rubutawa. Wani maƙwabcina ya gwada tambayarta labarin rijiyoyin unguwarmu don ya faranta mini, sai ga maganata ta fito da sunan Iya Dudu a jikinta. Layin da Malam Modu ya ƙara na cewa iyalanta ba su yarda ba kuwa, bai biyo ta ba. Na san da yana nan da ya cire tabarau ya murza ido, ya ce a tafi a nemo wanda ya ji da kunnensa. Ni dai ba ni da bakin zagin masu tura ƙarya a waya. Su ba su san masu maganar ba. Ni ina kallon fuskar tsohuwar na yi tawa.

Rijiyar ma yanzu an rufe bakinta da faranti na ƙarfe, tun da aka yi burtsatse a kusa. Matasan unguwa sun san sunan a matsayin wurin da mai keke zai sauke ka, ba su san akwai ruwa a ƙasa ba. Sunan da na sayar da amanar mutum biyu don in kare, ga abin da ya zama.

Da azumin bana ya wuce, na ga ƙarfina yana raguwa, na shirya na je wurin Falmata, babbar 'yar Malam Modu. Malamar sakandare ce, ita ta karɓi kula da shafin bayan ubanta. Na faɗa mata komai, tun daga gindin darbejiya har zuwa farashin zare. Ba ta katse ni ba. Da na gama na roƙe ta ta goge tawa maganar, ta zuba ta gaskiya a cikin akwatin da sunan Iya Dudu, tunda har yau ina riƙe da ita kalma bayan kalma.

Ta ce ba za ta iya ba. Ta ce, Baba Haruna, wanda ya sauya magana sau ɗaya, ba a sake ɗaukar maganar wani daga bakinsa a sa sunan wancan a ƙasa. Ta ce za ta cire tsohon akwatin, ta buɗe sabo, ta zuba abin da na faɗa mata yau, amma sunan da zai zauna a gindinsa nawa ne, kuma a gurbi na uku za ta rubuta cewa ni ne tafintan ranar, na amsa da bakina cewa na sauya abin da aka faɗa. Ta ƙara da cewa in sani, irin wannan shafi ba ya mantuwa. Duk gyaran da aka yi yana nan a ajiye a tarihinsa, mai so zai iya buɗewa ya ga na da, ya ga na yanzu.

Na ji muryar ubanta a cikin tata. Na tambaye ta ko ba za a iya sa harafin farko na sunana kawai ba. Ta ce Iya Dudu cikakken sunanta aka sa. Na ce ta rubuta. Ina zaune ta buga baka biyu, ta ja layukanta, ta rufe. Da ta juyo da allon, ga sunana a ƙasa, Haruna ɗan Sale, tela. Ban taɓa ganin sunana a rubuce ya yi mini nauyi haka ba.

Bayan kwana biyu na shiga mota zuwa Gadaka. Hauwa ta tsufa ita ma, na same ta tana sussukar gero da jikokinta mata. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta sa aka kawo mini ruwa. Ta ce tun ranar da aka gaya mata wanda ya yi tafinta ta gane, amma ta riga ta yi wa bawan Allah ihu a ƙofar gidansa, kunya ta hana ta komawa. Ta ce hakkin uwarta da na ubanta ta yafe, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe.

Sannan ta ce: “Amma Malam Modu fa, ni da kai duka mun ci hakkinsa. Ni ban sani ba, kai ka sani. Wa zai kai mu wurinsa?”

Na yi mata sallama, na kamo hanyar Potiskum.

Idan na auna abin da ya rage na Malam Modu, ba shi da yawa a ido. Kwamfutar ta mutu. Shafin yana nan, masu leƙa shi ba su cika tafin hannu ba. Amma akwai muryoyin tsofaffi a cikinsa da babu su a ko'ina kuma, mahauta da masaƙa da dillalan kara, kowa a kan tabarmarsa da sunansa, da Hausarsa yadda ya yi ta. A cikinsu duka, ɗaya ce kawai ta ƙarya, kuma ba shi ya yi ta ba. Ya kuma bar 'ya wadda ta iya kallon tsohon da ya ɗauke ta tana jaririya ta ce masa a'a. Na daɗe ina tambayar kaina ko ya gane. Ina jin ya gane tun ranar da ya tsaya a shagona bai zauna ba, ya zaɓi ya sha zagin da ya kamata ni in sha, yana jiran in zo da ƙafata. Ya jira shekara biyu. Allah ya jiƙansa, ya sa haƙurinsa a mizani, ya jiƙan Iya Dudu da Garba, ya jiƙan mahaifina wanda bai taɓa cewa shi ya haƙa ba, mu ne muka ce.

Roƙona ga mai karanta wannan guda biyu ne. Idan aka ba ka magana ka kai, ka kai ta yadda aka ba ka, ko da za ta rage wa gidanku tsawo. Idan kuwa ka riga ka karkatar da ita, kuma wanda ya yarda da kai yana nan da rai, kada ka jira ɗaki ya watse ko ya farka daga barci. Ka ajiye jaridar nan ka tafi yanzu. Ni na samu Falmata, na samu Hauwa, amma wanda na fi bukatar ya ji, kabarinsa kawai nake iya zuwa.